Mai Hoto Ya Juya Wa Taga Baya

"Ƙara turo shi kaɗan. A'a, ba wajenka ba, wajen taga. Wanzami, kai kamar ba ka taɓa ɗaga gado ba."

Na saki ƙafar gadon na miƙe ina haki. Shekara talatin da ɗoriya ina gaya wa mutumin nan ni mai aski ne, da kilifa da reza nake aiki, amma bai taɓa kirana da wani suna ba. Yana zaune a kujerar roba a tsakiyar ɗakin, ƙafafunsa a kumbure cikin silifan da aka yanke wa madauri, yana ba mu umarni da yatsa ɗaya. 'Yarsa tana riƙe da ɗaya gefen gadon. Malama muke kiranta a layinmu, don a firamare take koyarwa, shi kuwa Uwata yake ce mata.

"Baba, rana za ta dake ka a nan," in ji ta. "Tagar yamma ce fa."

"Ita nake so. Ku sa kan gadon a ƙarƙashinta daidai, ƙafafu su kalli ƙofa. Ki cire labulen. Wanzami, hau kujera ka kwance ƙwan lantarkin nan."

"In na kwance, da me za ka gani?"

"Me ya rage ban gani ba?"

Na hau na kwance. Ban gama saukowa ba ya aike ni shagonsa in ɗauko fitilar nan mai dogon wuya da yake haska mutane da ita in zai ɗauke su hoto. Ya sa na kafa ta a bayan kan gadon, fuskarta tana kallon ƙofa, aka jawo makunninta aka ajiye inda hannunsa na hagu zai kai. Sai da ya tura ni bakin ƙofa na tsaya, ya rufe ido ɗaya ya auna ni, sannan ya yarda muka kwantar da shi.

"Wai duk wannan na mene ne?" Malama ta tambaya tana gyara masa matashi.

"Gobe mijinki zai kawo mutanensa dubiya. Jibi ko gata ɗaya ɓangaren za su zo. Ba zan kori wanda ya zo gaishe ni ba. Amma fuskata ba za ta hau bango ba, Uwata. Duk wanda ya tsaya a ƙofar nan ya ɗaga waya, muddin haske yana bayana, baƙin dunƙule zai tafi da shi."

Shagonsa da nawa bango ɗaya ya raba, gidajenmu kuma suna bayan shagunan. Mai Hoto kowa ke ce masa. Duk wanda ya yi aure a layinmu, ko ya gama makaranta, ko ya nemi katin shaida, ya taɓa zama a kujerarsa an ce masa ya ɗaga haɓa. 'Yan takara ma haka. Kafin waya ta kashe masa kasuwa shi ke ɗaukar hotunan da ake bugawa a fosta, na 'yan shuɗi da na 'yan rawaya duka. Da launin riga muke kiran jam'iyyun biyu, don sunayensu kusan kowane zaɓe sai sun canja, mutanen ciki kuwa su ɗin ne dai.

Ƙodarsa ce ta gaza bara. Sau biyu a mako Malama take kai shi asibitin gwamnati a yi masa wankin ƙoda, ya dawo a gajiye, ya kwana biyu ya murmure, a sake komawa. Ana cikin haka rikicin kasafin kuɗi ya taso. Gwamnati ta 'yan shuɗi ce, rinjaye a majalisa kuma na 'yan rawaya. Waɗancan suka kai kasafi, waɗannan suka ce ba za su amince ba sai an cire wannan an sa wancan. Wata huɗu ana abu ɗaya. Har jifa da kujeru aka yi a zauren majalisa, mun gani a talabijin ɗin shagona. Makarantu suka rufe, shara ta taru a bakin layi ta kai ƙugun mutum, daga ƙarshe ma'aikatan asibiti suka tafi yajin aiki, aka sa wa ɗakin wankin ƙoda kwaɗo. Ban ga laifinsu ba, su ma da iyali.

A shagona maganar ke nan daga safe har yamma. Wannan ya ce laifin shuɗi ne, wancan ya ce na rawaya ne, su ɗaga murya har sai na ɗaga reza daga wuyan mutum don kada in yi ɓarna. Amma da an jima sai duk su haɗu a kan magana ɗaya, cewa ba wanda zai sake bin layin zaɓe a rana saboda mutanen nan. Ni kam na daɗe da ciro katin zaɓena daga aljihu na mai da shi abin kwashe gashi daga kan tebur. A wannan aikin bai taɓa ba ni kunya ba.

Mijin Malama shi ne sakataren 'yan rawaya na unguwa, Sakatare muke ce masa. In faɗi gaskiya, ba mugun mutum ba ne, irin mutanen nan ne da in suka yarda da abu ba sa ƙara jin kira. Washegarin jan gadon ya shigo aski da safe, ya jira sai da na ɗaura masa mayafi sannan ya fara.

"Kawu, ka taya ni yi wa Baba magana. Ɗan majalisarmu ya ce zai kai shi asibitin kuɗi yau ɗin nan. Hoto ɗaya kawai ake so, shi a kwance, mai girma a gefensa. Mutane su ga abin da gwamnati ta jawo."

"Na ɗauka ku kuka riƙe kasafin."

"Su suka kawo shi a karkace."

"In babu hoton fa? Asibitin kuɗin zai rufe?"



"Sunkuyar da kai," na ce, na danna masa ƙeya fiye da yadda askin yake buƙata.

Da la'asar suka zo, don Malama ta ce musu kafin nan Mai Hoto barci yake yi, kuma ba ƙarya ta yi ba. Mutum shida cikin rawayar riga, ɗan majalisar a gaba, turarensa ya riga shi shiga ɗakin. Ni ina zaune a lungu a kan bokitin da aka kife. Mai Hoto ya amsa gaisuwarsu ɗaya bayan ɗaya, har ya tambayi ɗan majalisar lafiyar mahaifiyarsa. Mutumin ya zauna a gefen gado, ya kama hannunsa na dama, ya gyara fuska ya sa mata tausayi. Sakatare ya ja baya zuwa ƙofa ya ɗaga waya.

A lokacin rana ta sauko daidai tagar, ba a iya kallon wajen sai an ƙanƙance ido. Sakatare ya ɗauka, ya duba, ya yamutsa fuska. Ya matsa hagu, bango ya tare shi. Ya matsa dama, durowa ta tare shi. Wani a bayansa ya ce ya kunna hasken wayar. Yana ɗagawa Mai Hoto ya danna makunnin da ke ƙarƙashin hannunsa, fitilar ta watso musu haske a ido, ɗan majalisar har da zabura.

"Ku yi haƙuri," in ji shi a hankali. "Hannun nan rawa yake yi."

Sau uku hannun yana rawa. Daga ƙarshe mai girma ya duba agogo ya ce akwai zama, ya yi addu'a a tsaitsaye suka fita. A waje Sakatare ya nuna mini abin da ya samu. Baƙaƙen dunƙule biyu ne a gaban farin fili, ɗaya da hula. Na ce masa wataƙila wayar ce ta tsufa. Motar asibitin kuɗin dai ba mu gan ta ba.

Kwana biyu bayan nan kansilanmu na 'yan shuɗi ya zo da nasa tayin. Shi ma asibitin kuɗi, shi ma hoto ɗaya, don a nuna cewa gwamnati ba ta manta da marasa lafiya ba duk da taurin kan majalisa. Ban damu ba sai da na ga wanda ya biyo shi rataye da ƙatuwar kyamara. Dogo ne, wanda ya koyi aiki a hannun Mai Hoto shekara ashirin da suka wuce, yanzu har furfura ta fara fito masa a gemu. Wannan ba Sakatare ba ne, ya san hannunsa.

Dogo ya tsaya a bakin ƙofa. Ya kalli tagar da babu labule, ya ɗaga kai ya kalli inda aka kwance ƙwan lantarki, ya kalli fitilar da ke bayan gadon, fitilar da shi kansa ya sha ɗauka a kafaɗa. Sai ya durƙusa.

"Maigida, sannu da jiki."

"Dogo. Har yanzu kana manta murfi a bakin kyamara?"

"Na daina, Maigida."

Kansila ya riga ya zauna ya kama hannu. "Yi sauri, akwai wasu gidajen."

A jakar Dogo na hango gefen farin faifan nan na yadi da suke mayar da haske kan fuskar mutum da shi. Na san aikinsa, na sha riƙe wa Mai Hoto irinsa in aiki ya yi masa yawa. Da ya ciro shi, shi ke nan an gama da mu. Ya sa hannu a jakar, ya ɗan dakata, sai ya ja zif ya rufe. Ya ɗaga kyamara ya ƙyasta sau uku, ya duba bayanta ya girgiza kai.

"Ranka ya daɗe, hasken ɗakin nan bai yi ba."

"Ba ka da wata dabara?"

"Wanda ya koya mini aikin ma ba zai iya ba."

Mai Hoto ya juya fuska wajen bango, kafaɗunsa suna motsi. Kansila ya ɗauka tari ne, ya ce a ba shi ruwa.

Bayan sun tafi ya yafito ni. Muryarsa ta fara ƙanƙancewa a kwanakin, sai na sunkuya nake jinsa.

"Dogo mun wuce wajen. Amma surukina ba wawa ba ne, zai gane. Da safe zai dawo, lokacin tagar ba ta da ƙarfi, wutar lantarki kuma ka san halinta."

"Bar mini safiya," na ce. "Wannan ɓangarena ne."

Washegari kafin ƙarfe bakwai ina ɗakin da kwanon kumfa da buroshi da tawul. Ina jin takun Sakatare a tsakar gida na shafe wa Mai Hoto fuska da kumfa tun daga ƙarƙashin ido har maƙogwaro, na ɗora masa jiƙaƙƙen tawul a goshi. Abin da ya rage a waje hanci ne kawai. Sakatare ya gaishe shi, ya zauna a bakin ƙofa da waya a cinya yana jiran in gama. Na wasa reza, na sake wasawa. Na kankare ɗan wuri kamar faɗin yatsa biyu, na ce kumfar ta bushe, na sake shafawa. Awa guda da rabi ina aske gemun da ba ya ɗaukar minti goma, har aka kira shi taro ya tashi.

Kwana huɗu muna haka. A rana ta biyu ba sauran gashin da za a aske, da bayan reza nake bin fuskar don kada in ji masa ciwo. Shagona a rufe har hantsi, masu jiran aski suna zaune a benci suna zagina. Matata ta ce tunda ta aure ni ba ta taɓa ganin na kama aiki da wuri haka ba.

"Kawu, wannan gemu kullum yake tsirowa?" Sakatare ya tambaye ni a rana ta uku.

"Ciwon ƙoda haka yake," na ce. Allah Ya yafe mini.

Dariyar tamu dai a saman abin take. A ƙarƙashin kumfar ina ganin fuskar tana canjawa, idanun sun faɗa, fatar ta yi wani launi da ban so ba. Kumburin ya hau har gwiwa. Abinci cokali biyu yake ci ya kau da kai. Malama tana kallon wannan duka, kuma ta san akwai motar da za ta iya zuwa ƙofar gidan in aka ce eh. A safiya ta biyar ta kasa daurewa. Ina cikin shafa kumfa ta zo ta tsaya a ƙafar gadon, mijinta yana bakin ƙofa.

"Baba, hoto ne fa kawai. Takarda ce. Ni ban ƙi a manna ka a kowane bango na garin nan ba, in dai zan riƙa shigowa ina samunka."

Sakatare ya miƙe. "Kuma ba don kai kaɗai ba ne, Baba. Mutum nawa ne a kwance a gida kamarka? In mutane suka ga fuskarka, kowa ya san ka, dole gwamnati ta sauko. Wallahi ba don kaina nake yi ba."

"Na sani," in ji Mai Hoto. "Wanzami, goge mini baki."

Na goge masa. Ya ɗan huta kafin ya fara, yana magana yana tsayawa neman numfashi.

"Kina aji biyu lokacin, Uwata. Wasu suka zo suka ɗauke ni zuwa bayan tashar mota, wajen wata mata mai wankau da take kwance ba lafiya. Ban ma tuna launin rigarsu ba, ina jin a lokacin shugabannin shuɗi da rawaya na yanzu jam'iyyarsu ɗaya. Suka ce hoto ɗaya, za a gina asibiti a unguwar. Irin maganar da mijinki ya yi yanzu, kusan kalma da kalma, kuma na yarda da su. Na buɗe mata taga ta gefe, na sa aka ɗaga mata kai. Ban taɓa ɗaukar hoto mai kyau kamarsa ba."

Ya nemi ruwa, Malama ta ba shi a cokali.

"Mako biyu ta ƙara a duniya. Fostar ta yi shekara uku. Ruwa ya dake ta, masu tallar magani suka manna takardunsu a kan bakinta, maza suna tsayawa a ƙarƙashinta suna fitsari. Wata rana da safe zan fito shago na ga mijinta a jikin katangar makaranta da cokali a hannu, yana kankare fuskar matarsa. Bango bango yake bi. Ya gan ni, ya san ni ne, ya gaishe ni ya ci gaba da aikinsa. Da ma zagina ya yi."

"Asibitin fa?" Sakatare ya tambaya, muryarsa ƙasa ƙasa.

"Filin gareji ne yanzu. Can kake kai babur ɗinka."

Kumfar da ke kumatunsa tana ta narkewa tana gangarowa kan matashi.

"Likita ya gaya miki abin da ya gaya mini tun kafin yajin aikin, Uwata, ke ce ba ki so ji ba. Zuciyar ta gaji da injin wankin. Ko sun kai ni, 'yan kwanaki ne. Ba na so in saya su da wannan. Ba na so ki riƙa yawo da cokali."

Malama ta zauna a ƙasa ta kifa kai a jikin katifa ta yi kuka, irin wanda ta daɗe tana riƙewa. Ni na juya ina wanke buroshin da na riga na wanke. Da ta gama ta share fuska da gefen mayafi, ta miƙe, ta je gaban mijinta ta miƙa masa tafin hannu. Ya kalle ta, ya kalli surukinsa, ya ɗora mata wayar. Ta kai ta kicin ta dawo. Shi kuma ya naɗe hannun rigarsa, ya zauna a ƙafar gadon ya ɗora ƙafafun tsohon a cinya ya fara matsa masa a hankali.

"To a mayar mini da labulena," in ji Mai Hoto. "Rana ta gasa ni kwana tara."

Na goge masa sauran kumfar, na hau kujera na mayar da ƙwan lantarki. Ni da Sakatare muka ja gadon zuwa inuwa. Ban taɓa jin nauyi ya sauka daga kaina kamar na ranar ba, kuma na ga irinsa a fuskar Malama duk da idanunta sun kumbura.

Kwana uku ya ƙara, kuma su ne mafi daɗi a cikin jinyar. Wata nas da ke bayan layinmu, tana cikin masu yajin aikin, ta riƙa zuwa don kanta tana yi masa allurar rage zafi. Sakatare ya daina zuwa da rawayar riga. In an kira shi daga ofishin jam'iyya sai ya ce yana jinya, ya kashe. Tsofaffin layi suka riƙa shigowa ana hira, shi yana ji ido a rufe, in an yi kuskure a labari ya ɗaga yatsa ya gyara.

A rana ta uku da hantsi ya ce in yi masa aski. "Na gaske yau, Wanzami. Gemun ya samu hutu ya fito."

Na yi masa a tsanake, na gyara gashin baki, na shafa masa mai. Na ɗaga masa ƙaramin madubi. Ya duba hagu ya duba dama.

"Ka bar gashi a bayan kunne."

"Babu komai a wurin."

"Shekara talatin kana bari."

Na sake bi da reza don ya ji daɗi. Ina naɗe tawul ya kira Uwata, ta zo ta riƙe masa hannu. Ya yi kalmar shahada, mu ma muka yi tare da shi. Ya ja numfashi biyu masu tsawo, na uku bai zo ba. Ba shure shure, ba wani abu. A waje mai sayar da gawayi yana ta kiran kasuwarsa.

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Amma abin da ya fi yawa a ƙirjina sauƙi ne. Ya tafi a ɗakinsa, da fuskarsa a gyare, ba wanda ya ɗauke ta. Na ɗan ji kunyar wannan sauƙin har sai da Malama ta ɗago ta ce, "Kawu, ya huta," da wata murya da na gane ita ma abin da take ji ke nan.

Kafin la'asar muka kai shi makwancinsa. 'Yan shuɗi suka zo, 'yan rawaya suka zo, kowa ya ja nasa gefen. Sakatare ya tsaya a ƙofar gida yana gaya wa mutanensa su mayar da waya aljihu, har wani babba a cikinsu ya ji haushi ya juya. Dogo ya zo hannu rabbana, ba kyamara, shi ya kama gaba da aka ɗauko shi.

Kwana goma sha ɗaya bayan nan majalisa ta amince da kasafin. A talabijin muka ga shugabannin ɓangarorin biyu sun rungume juna suna dariya, kowa yana cewa shi ya ceci talaka. Wanda nake yi wa aski ya tambaye ni me aka canja a cikin kasafin, na ce ban sani ba, na kashe talabijin ɗin. Aka cire kwaɗon ɗakin wankin ƙoda. Da zaɓe ya matso fostoci suka cika bangon layinmu, ni kuma na kama wata ɗabi'a, in zan je kasuwa sai na bi su ɗaya bayan ɗaya da ido. Akwai wata tsohuwa a kwance a barandar asibiti, ban san ta ba, ɓangarorin biyu duk sun buga ta, kowa da rubutunsa a ƙasa. Na tsaya a gabanta na yi mata addu'a. Tasa fuskar dai ba ta nan, ko a bango ɗaya.

Wata Asabar Malama ta zo kwashe kayan shagon, ta ce in taya ta. Kwalaye ne jere har rufi, kowanne da shekararsa a rubuce. Ta ce hoto ɗaya take nema, nasa, wanda za ta ajiye a ɗakinta. Muka zauna a ƙasa muka fara buɗewa. Amare da angwaye, jarirai, 'yan ƙwallo, ni da gashina baƙi ƙirin a ƙofar shagona, mahaifiyarta a tsaye kusa da keken ɗinki. Duk layinmu yana cikin kwalayen nan, har da waɗanda muka manta sun taɓa zama a cikinsa. Har azahar ta wuce ba mu same shi ba ko sau ɗaya.

"Shekara arba'in yana ɗaukar mutane," in ji ta, tana dariya tana share ido. "Baba ke nan."

A kwalin ƙarshe ta ciro wani ƙarami, gefensa ya fara rawaya, ta daɗe tana kallo sannan ta miƙo mini. Ita ce, 'yar shekara shida, cikin kayan makaranta, ta ƙame a ƙofar gidansu tana ƙanƙance ido saboda rana. A ƙasan hoton, a kan yashi, akwai inuwar mutum ya sunkuya, gwiwoyin hannunsa a buɗe, kyamara a fuskarsa. Kan inuwar ya kai daidai takalmanta.

Ta karɓa, ta hure ƙurar da ke kai, ta sa shi a tsakiyar littafin darasin da ke jakarta. Muka ci gaba da ɗaure kwalayen.